Azurfata ta ƙi kama takarda, da me kuke yin shafe?

Zainab_Zane:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman taimakon waɗanda suka taɓa zane da tsinken azurfa. Wata uku ke nan da na ga hoton zanen da mai zane ɗan Jamus, Albrecht Dürer, ya yi wa kansa a 1484, yana ɗan shekara 13, aka ce ba fensir ba ne, azurfa ce zalla. Tun ranar abin ya tsaya mini a rai. Na ɗauki wani tsohon zobena na kai wa maƙerin farfaru a cikin gari, ya narka ya ja mini waya mai kaurin tsinken tsintsiya, na soka ta a kwanson fensir mai dannawa. Da na goga a takardar zane ko alama babu, sai karce. Daga baya na ji cewa sai an yi wa takardar shafe tukuna. Na kwaɓa garin fiyofi (POP, farin garin da ake yin silin da shi) da farin gam na kafintoci na shafa. Layin ya fito dishi-dishi, sai ka karkata takardar wajen taga kafin ka gan shi, kuma kwana biyu shafen ya tsattsage. Don Allah da me kuke yin shafen? Ina son kayan da zan samu a nan gida, ba sai na yi oda daga waje ba.

Hauwa_Jos:
Wa alaikumus salam. Sayi farin guwash na bututu, wato fentin ruwa mai kauri na masu zane, ki tsinka shi da ruwa, ki shafa sau biyu ko uku. Shi ke nan. Ni da shi na fara kuma har yau bai ba ni kunya ba.

Malam_Samaru:
Wa alaikumus salam, 'yata. Azurfarki ba ta da laifi, shafen ne bai yi ba. Ki fara fahimtar abin da ke faruwa a kan takardar. Fensir laushi gare shi, shi ya sa yake barin baƙinsa a ko'ina. Azurfa kuwa ƙarfe ce, ba za ta bar komai ba sai ta haɗu da abin da ya fi ta tauri ya kankare ta. Wannan layin toka-toka da kike nema, ɓurɓushin azurfar ne da shafen ya ci ya riƙe. Kamar dutsen wasa wuƙa ne, sai dai kaushinsa ya yi ƙanƙantar da ido ba ya gani, yatsa ma da ƙyar yake ji.

Mutanen da, toka suke yi da ƙashi. Akwai wani mai zane ɗan Italiya, Cennino Cennini, da ya rubuta littafin koyar da sana'ar wajen shekarar 1400. Ya ce a samu ƙashin fiffike da na cinyar kaza, ko da waɗanda aka zubar ƙarƙashin teburin cin abinci ne, kuma gwargwadon tsufansu gwargwadon kyansu. A saka a wuta har su fi toka fari, a niƙa a kan dutse. Sai yaro mai koyo ya ɗauki ɗan katako da aka goge sumul, ya ɗebi garin da bai kai rabin ƙwayar wake ba, ya kwaɓa da yawunsa, ya baza da yatsu. A kan wannan zai yi ta koyon zane kusan shekara guda kafin ya matsa gaba. In zanen ajiyewa za a yi a takarda, sai a haɗa garin da gam ɗin fata, a ƙara launi.

Ni shekara goma sha ina yi da ƙashin, kuma ban ga abin da ya kai shi daɗin ja ba.

Gardi_Gashuwa:
Malam, wannan ai allo ne kake kwatantawa. Katako a goge, yaro ya rubuta, a wanke, a sake. Allah mai iko.

Malam_Samaru:
Ƙwarai kuwa, Gardi. Ranar da na fara karanta wurin, makarantar allon unguwarmu ce ta faɗo mini. Da yawun aka kwaɓa don kada ya kama sosai, in an gama a jiƙa yatsa a share a sake sabo.

Bash_Kimiyya:
Bari in ɗora kan abin da Malam ya faɗa, don Anti Zainab ta ga inda fiyofi ya ba ta matsala. Akwai ma'aunin taurin ma'adanai da ake kira ma'aunin Mohs, daga 1 zuwa 10. Azurfa tana wajen 2.5. Dutsen da ake yin fiyofi da shi yana kan 2, wato ya fi azurfa laushi. To ta yaya zai kankare ta? Ita ce ma take yanka shi, shi ya sa layin ya fito miki dishi-dishi. Ma'adanin da ke cikin dutsen mabul da ɓawon ƙwai yana kan 3, ya ɗara azurfa da kaɗan. Dangin ma'adanin da ke cikin ƙashi yana kai 5. Farin titaniyam da ke cikin fenti yana wajen 6, shi ya sa layi yake fitowa da duhu a kansa.

Ku yi hattara da allin makaranta. Da yawansa daga dutsen fiyofi ake yin sa. Gwajin ba wuya: ki matsa lemun tsami a kan garin. In ya yi kumfa yana ɗan ƙara, irin na ɓawon ƙwai ne, zai yi aiki. In ya yi shiru, ki bar wa allon aji kayansa.

Zainab_Zane:
Kai, na gode Malam, na gode Bash. Ashe da baya na faro. To ƙashin, a murhun gawayi zan iya ƙona shi? Kuma shi gam ɗin fata a ina ake sayarwa?

Malam_Samaru:
Za ki iya. Amma ki fara dafa ƙashin sosai, ki zubar da ruwan, ki sake, har maiƙo ya fita. Maiƙo shi ne babban abokin gabar wannan aiki. Ki shanya ya bushe ƙarau. Sannan ki tura shi tsakiyar garwashi mai ƙarfi kina fifita. Da farko zai yi baƙi ƙirin, a nan mutane da yawa suke cirewa suna zaton ya ƙone ya lalace. Ki ƙyale shi. Baƙin nan ragowar abin da bai gama ci ba ne, in iska tana shiga zai tafi, ƙashin ya koma fari fat, mara nauyi, kina matsawa da yatsa yana rugurgujewa. Wanda cikinsa ya rage da toka-toka ki mayar wuta. A tsakar gida za ki yi, don warin ba kaɗan ba ne.

Niƙan shi ne aikin. Ki daka a ƙaramin turmi, sannan ki zuba ɗan ruwa ki niƙa a kan faifan gilashi ko tayil mai santsi da gindin kofin gilashi. In kika murza tsakanin yatsu kika ji ko ƙwaya ɗaya, da saura. Dabarata ita ce in zuba garin a kwalba da ruwa, in girgiza, in ƙirga ashirin, in tsiyaye farin ruwan sama a wata kwalbar. Mai tsakuwa ya riga ya kwanta a ƙasa. Wanda na tsiyaye in bar shi ya kwana, washegari in zubar da ruwan in shanya abin da ya kwanta. Wannan shi ne garin zane.

UmmuHanif:
Gafara dai Malam, kafin a wuce maganar gam. Na ga masu koyarwa a YouTube suna cewa a yi da jelatin ɗin da ake sayarwa don kayan zaƙi. Ni dai raina bai kwanta ba, domin wani daga fatar alade ake yin sa, kuma ba kowane kwali ne yake faɗa ba. Abu ne da hannunka zai yi ta taɓawa.

Kafinta_Sale:
Hajiya, ba sai kin je nan ba. Kafin zuwan wannan farin gam ɗin na roba, maigidana da gam ɗin fata yake haɗa kujeru, a gwangwani ake ɗumama shi. Ki sayi ganda wajen mahauta, ɗanya, a kankare ta tas. Ki yayyanka ƙanana, ki jiƙa ta kwana, ki dafa a wuta kaɗan-kaɗan na sa'o'i, kada ki bari ya riƙa tafarfasa. Ki tace da tsumma. In ya huce zai daskare kamar romon ƙafar saniya da ya kwana, sai ki kwashe kitsen da ya taso sama ki zubar. Shi ke nan kin samu gam. Amma fatar da majema suka riga suka jeme da bagaruwa ba ta yi, ko kwana za ki yi kina dafawa.

Malam_Samaru:
Sale ya faɗi gaskiya. Shi ma Cennini da gutsattsarin fatar akuya da jijiyoyi ya ce a dafa. Abin da zan ƙara, naku na kafintoci ya yi ƙarfi da yawa a takarda. Gam mai ƙarfi in zai bushe yana jan jikinsa, sai ya naɗe takardar ko ya fasa shafen. Ki yi ta ƙara ruwan ɗumi har ya zama in ya huce yana daskarewa da ƙyar, kina taɓawa yana rawa yana rabewa. Ki ɗiga tsakanin yatsu biyu, in ya fara bushewa ki ji suna ɗan mannewa kaɗan, ya isa.

Gardi_Gashuwa:
Ni abin da ban gane ba, me ya sa za a sha wahalar dafa fata alhali ga ƙaro? Mu nan Yobe dakwara a bayan gari take. Da ƙaro muke haɗa tawada tun kakanni, kuma rubutun yana shekaru bai goge ba. Sudan da Chadi da mu ne muke fitar da shi zuwa ƙasashen Turawa, su sa a fentinsu su dawo mana da shi a bututu. Hauwa da ta ce a sayi guwash, ai ƙaro ne a ciki.

Hauwa_Jos:
Haka ne Gardi, ƙaro ne yake riƙe da guwash. Shi ya sa na ce ta huta ta saya.

Bash_Kimiyya:
Ƙaro yana yi, amma yana da halinsa. Ko ya bushe, da ruwa ya taɓa shi zai sake narkewa. Don haka in kina shafa na biyu, burushin yana iya ɗago na farko. Sai ki wuce sau ɗaya da sauri, kada ki koma ki gyara. Kuma in ya yi yawa yana ƙyalli, ya rufe ƙwayoyin garin, azurfa ta riƙa zamewa. Gam ɗin fata kuwa ruwan sanyi ba ya narka shi nan take, shi ya sa yake jure shafe huɗu biyar.

Gardi_Gashuwa:
To wannan na yarda. Ko a allo in ƙaro ya yi yawa a tawada sai ta riƙa ɓamɓarewa. Tsofaffinmu da ido suke gane gwargwadon.

Ɗan_Agadas:
Salamu alaikum. Ni ɗan gidan maƙera ne, ina ta karantawa ban sa baki ba. Malama Zainab, ina son in tambaye ki zoben nan da aka narka, kin tabbata azurfa ce? Domin zobba da yawa na kasuwa farin ƙarfe ne aka yi ma wanka. Akwai wani haɗi na jan ƙarfe da nikel da zinki, fari ne tas, amma ko ɗigon azurfa babu cikinsa, kuma tauri gare shi. In shi aka ja miki, zai iya karce shafen.

Azurfa ma iri-iri ce. Mai lamba 925 an gauraya ta da jan ƙarfe kaɗan don ta yi ƙwari. Mai 999 ita ce tsantsa, ta fi laushi, ina ga ita za ta fi ba ku duhu. Kakanninmu tsofaffin kuɗin Mariya Tereza suke narkewa, masu ɗauke da shekarar 1780, su azurfar cikinsu kashi 83 cikin ɗari ce. Kuma abin da ba kowa ya sani ba, waya in aka ja ta tana ƙara tauri. Ki ce maƙerin ya mayar da ita wuta ta yi ja kaɗan ya tsoma a ruwa, za ta yi laushi.

Zainab_Zane:
Zoben akwai 925 a cikinsa, na gani da idona kafin in ba shi. Amma maganar mayarwa wuta bai yi ba. Zan koma.

Malam_Samaru:
Madalla da ɗan maƙera. Wannan na mayarwa wuta ni ma yau na ƙaru. Ki kuma duba bakin tsinken, 'yata. In da almakashi aka datse, akwai kaifi a gefe wanda zai yanka shafe. Ki murza shi a sanfefa mafi laushi har bakin ya zama kamar kan allura da ta dakushe, sannan ki yi ta gogawa a gefen takardar da kika shafa har ya yi sheƙi.

Sadiq_Kumasi:
Ku kuna arewa kuna jin daɗin gam ɗin fata. Mu nan Zango ruwa ba ya ɗaukewa. Na shafa takardu shida da shi, na jera a akwati, bayan wata biyu na buɗe na tarar fumfuna ta yi musu ɗigo-ɗigo, kyankyasai kuma sun ci gefen biyu. Ɗaya hoton mahaifiyata ne da na yi mako uku a kansa. Tun daga nan na koma fentin ruwa na bango, fari, wanda ba ya ƙyalli. Ina tsinka shi, in tace da safa, in shafa sau uku. Layi yana fita baƙi fiye da na ƙashi ma.

Kafinta_Sale:
Fentin gini kuma a takardar zane?

Bash_Kimiyya:
Ba abin mamaki ba ne. Fentin ruwa na bango yawanci farin titaniyam ne da garin dutse mai kumfa da lemun tsami, sai roba mai riƙe su. Duk abin da ake buƙata yana ciki. Abin dubawa shi ne ba don zanen ajiyewa aka yi shi ba, kowane kamfani da abin da yake ƙarawa. Kamfanin Golden na Amurka yana da shafe na musamman don tsinken azurfa, shi ma na akirilik ne, wato fenti mai roba, ga mai halin yin oda. Fentin mai dai kada ma a gwada.

Malam_Samaru:
Sadiq, Allah Ya mayar da alheri, asarar hoton uwa ba ƙaramar asara ba ce. Ba zan ce kada ka yi da fenti ba. Amma zan faɗi abin da hannuna yake ji. A kan roba tsinken yana ɗan tirjewa, kuma duhun yana zuwa da wuri, sai ka rasa waɗancan matakai na farko masu haske kamar hazo. A kan ƙashi kuwa kamar siliki kake ja, duhu yana taruwa a hankali, layi bisa layi. Kyan wannan zane a nan yake. Dubi zanen azurfa da wani mai zane na da, Jan van Eyck, ya yi wa wani dattijo da ake kyautata zaton Kadinal Albergati ne, wanda ke ajiye a birnin Diresdin na Jamus. Fuskar kamar numfashi aka hura a takarda. Har bayanin launukan fatar mutumin ya rubuta a gefe, don ya yi amfani da shi lokacin da zai yi na fenti. Kusan shekara 600 ke nan kuma shafen yana nan.

Sadiq_Kumasi:
Malam, yana nan ne don a ɗakin da ake auna laimarsa dare da rana yake. A kawo shi ɗakina damina ɗaya mu gani. Ban musa daɗin ƙashi ba, na ji shi. Amma kowa da garin da yake.

Hauwa_Jos:
Ni ina bayan Sadiq. Mai koyo da bai ja layi goma ba tukuna a ce ya fara da ƙona ƙashi da dafa ganda, wallahi sai ya gudu. Ta fara da guwash ta ga layi ya fito ranta ya yi daɗi, sauran sa biyo baya.

UmmuHanif:
Amma ita ce ta ce tana son kayan gida. Kuma guwash mai kyau yanzu ba arha ba ne.

Nura_Fagge:
Tambaya daga gefe. Me ya sa za a sha duk wannan wahala alhali ga fensir naira kaɗan? Ba gatse nake ba, so nake in sani.

Malam_Samaru:
Tambaya ce mai kyau, ƙanena, kuma tarihi ma ya bi bayanka. Da aka gano ma'adanin da ake yin fensir da shi a Borrowdale ta Ingila a ƙarni na 16, ga kuma jan alli da baƙin alli sun yaɗu, sai masu zane suka yi ta barin azurfa. Rembrandt, mai zane ɗan Holan, ya zana amaryarsa Saskia da ita a 1633, kwana uku bayan baikonsu, a lokacin ma an fara ɗaukarta tsohon yayi. Sai a ƙarshen ƙarni na 19 Alphonse Legros ya farfaɗo da ita a makarantar Slade ta Landan.

Abin da fensir ba zai ba ka ba guda biyu ne. Layin azurfa siriri ne, ba ya dagulewa in hannu ya goga. Sannan yana canza launi. Yau ka zana shi toka-toka, bayan watanni ka ga ya koma ruwan ƙasa mai ɗumi, ya ƙara fitowa. Ina da zanen wata tsohuwar ƙofar zaure da na yi, duk shekara in na ciro shi sai in ga ya ƙara nuna.

Bash_Kimiyya:
Farar wuta ce da ke cikin iska take haɗuwa da azurfar, irin yadda zobe yake baƙi in an ajiye. Wanda ke kusa da hayaƙin janareto ko babban titi nasa zai fi saurin juyawa. Zinariya ba ta canzawa, yadda ka ja ta toka-toka haka za ta zauna. Jan ƙarfe kuwa yakan koma kore-kore, wani lokaci ya dushe. Akwai zanen hannuwa na Leonardo da Vinci a tarin gidan sarautar Birtaniya da ke Windsor, in ka kalli takardar kamar babu komai, sai an haska ta da fitilar ultrabayolet hannuwan suke bayyana. Bincike ya nuna tsinken da ya yi aiki da shi jan ƙarfe ya yi yawa a ciki. Don haka masu cire wayar lantarki suna zane da ita, ku yi don koyo, kada ku yi aikin da kuke son jikoki su gani.

Nura_Fagge:
To zinariyar, namiji zai iya riƙe ta ya yi zane? Na san sawa a jiki haramun ne gare mu.

Mai_Kula:
Malam Nura, wannan a kai wa malamai, nan ba mu da mai fatawa. Mu koma kan shafen Zainab don Allah.

Ɗan_Agadas:
Abu ɗaya kafin a koma. Wani zai ce dalma ai tana rubutu a kowace takarda ba sai da shafe ba. Gaskiya ne, don laushinta. Amma guba ce, mu da ke aiki da ita mun sani. Kada a bar ta inda yara suke, kada a sa a baki.

Malam_Samaru:
Haka ma farin dalma da mutanen da suke zubawa a shafensu, mu bar musu. Farin zinki ko titaniyam sun wadatar.

To 'yata, ga yadda nake shafawa. Takarda mai kauri, irin ta fentin ruwa mai giram 300, mai santsi ba mai gurzaje ba. Ki jiƙa ta, ki shimfiɗa a kan filawud, ki manne gefuna huɗu da tef ɗin takarda mai gam, ki bari ta bushe ta miƙe kamar fatar ganga. In ba ki yi haka ba za ta kumbura ta yi tudu da kwari. Ki ɗumama gam ɗin a kofi cikin kwanon ruwan zafi, ba kai tsaye a wuta ba. Ki zuba garin a hankali, ki juya ba bugawa ba, don kumfa tana barin ƙananan ramuka. Kaurin ya zama kamar madarar shanu, bai kai koko ba. Burushi mai faɗi mai laushi. Shafe na farko daga dama zuwa hagu, in ya bushe na biyu daga sama zuwa ƙasa, haka har huɗu ko biyar, kowanne siriri. Na farko zai yi kamar ba ki shafa komai ba, kada wannan ya sa ki ƙara kauri. Kaurin nan shi ya fasa miki na fiyofi, tare da iska.

Da hunturu ki rufe taga, kada ki kai rana, kada ki kunna fanka. In sama ta bushe ƙasa da danshi, tsagewa zai yi. Ƙura kuma in ta sauka a kan jiƙaƙƙen shafe ta zauna ke nan, don haka ki kifa babban kwali a kai. Bayan kwana ɗaya ki goge da tsumma mai laushi. In kina son launi, ɗan jan ƙasa da aka tace ko ɗigon shuɗi ya isa. Na Leonardo da yawa a kan shuɗi ko ruwan hoda suke, sai ya fito da wurin haske da farin fenti.

Daga nan kada yatsa ya sake taɓa fuskar takardar. Ki sa wata takarda ƙarƙashin hannunki. Inda maiƙon yatsa ya taɓa, azurfa tsallakewa take yi, kuma ba za ki gani ba sai kin zo wurin da zane.

Sadiq_Kumasi:
Wannan na yatsa gaskiya ne ko a kan fenti. Man shafawa ma ya fi muni.

UmmuHanif:
Malam, in an yi kuskure fa? Ana gogewa?

Malam_Samaru:
Kusan a'a, Hajiya. Roba tana ɗan rage shi, amma tana sa wurin ya yi santsi ya daina kama azurfa. Wasu suna kankarewa da sanfefa su sake shafa wurin, sai dai tabon yakan nuna. Ni da hannu sake nake farawa, layi kamar babu, in na tabbata sai in bi ta kai. Dannawa ba ta ƙara duhu, huda shafen kawai take yi.

Zainab_Zane:
Na dawo da rahoto bayan kwana tara. Na yanka takarda gida huɗu. Ɗaya guwash kamar yadda Hauwa ta ce. Ɗaya ɓawon ƙwai da ƙaro. Ɗaya ƙashin kaza da ruwan ganda. Ɗaya fentin bango irin na Sadiq. Maƙerin ya mayar da wayar wuta, na kuma gyara bakin.

Dukkansu sun kama, alhamdu lillahi. Da na ga layin farko ya fito sosai sai da na kira ƙanwata ta zo ta gani. Fentin bango ya fi duhu. Guwash ya fi sauƙi, amma inda na maimaita layi da yawa ya fara sheƙi ya daina karɓa. Ɓawon ƙwai ya fi kowanne rauni, kuma yana da tsakuwa, ina ga ban niƙa sosai ba. Na ƙashi bai kai fenti duhu ba, amma na gane abin da Malam yake nufi, hannu ba ya son tsayawa. Matsalarsa ɗaya, in na shafa tsumma farin gari yana biyowa.

Kafinta_Sale:
Gam ya yi kaɗan ke nan. Kin tsinka da yawa.

Malam_Samaru:
Haka ne. Ba sai kin zubar ba, ki bi ta kai da ruwan gam zalla, siriri, sau ɗaya. Na gaba ki rage ruwa kaɗan. Gara ya yi gari da ya tsage, wannan yana gyaruwa.

Bash_Kimiyya:
Ɓawon ƙwan, kin cire farar fatar nan ta ciki kafin ki daka? In ba a cire ba ba ya niƙuwa da kyau. Kuma ki gwada zuba ɗan farin titaniyam a cikin na ƙashin, kamar kashi ɗaya cikin biyar, ki ga ko za ki samu duhun fenti da santsin ƙashi a wuri ɗaya.

Gardi_Gashuwa:
Ba ki gwada ƙashi da ƙaro ba. Kin haɗa ƙaron da abin da ya fi rauni, sai a ce laifinsa ne. Ni zan gwada a kan allo da kaina, akwai ƙasusuwan ragon suna a gidanmu. Malam, na rago zai yi, ko dole sai na kaza?

Malam_Samaru:
Zai yi, sai dai ya fi cin gawayi kafin cikinsa ya yi fari. Ka farfasa shi ƙanana tukuna.

Sadiq_Kumasi:
Zainab, ki ajiye guda huɗun nan wuri ɗaya, ki rubuta kwanan wata a bayansu, kada ki sa a leda. In damina ta wuce ki ɗauko mana hotonsu. Ina son in ga wanne zai fara juyawa ruwan ƙasa, kuma ko na gandar zai tsira a Kano.

Zainab_Zane:
In sha Allahu. Na riga na rubuta. Bash, ban cire fatar cikin ƙwan ba, zan sake. Farin titaniyam ɗin a gari ake sayar da shi, ko in matso daga bututun guwash?